Samarin Durumin Maigarke da Farin Cikin da Suka Samu

Karatu: Matiyu 13:44-46; Filibiyawa 4:10-13

 

Akwai tambayar da matasanmu ba su gajiya da yi: ina ake samun farin ciki? Wani ya gama makaranta, takardarsa na cikin akwati, aiki ya ƙi samuwa. Wata tana ganin sa'o'inta sun yi aure, ita shiru. Wani kuma ya sami aikin, ya sami mota, amma in dare ya yi barci ba ya zuwa. Kowa yana ganin farin ciki yana gidan maƙwabcinsa. Tambayar nan ba sabuwa ba ce. Wasu samari sun yi ta a cikin birnin Zariya fiye da shekara ɗari da suka wuce, kuma amsar da suka samu ta ci musu tsada. Bari mu bi sawunsu.

Birni mai ganuwa

Wanda ya san Zariya ta yau, da Sabon Gari da Tudun Wada da Samaru, sai ya rufe ido ya cire duk waɗannan. A farkon ƙarni na 20 Zariya ita ce abin da ke cikin ganuwa. Ana shiga ta Ƙofar Doka, ko Ƙofar Kuyambana, ko Ƙofar Gayan, ko Ƙofar Kona da sauransu. A tsakiya ga fadar Sarkin Zazzau, ga babban masallacin Juma'a wanda Babban Gwani Malam Mika'ilu ya gina da ƙasa tun zamanin Sarki Abdulkarimu. Birni ne na malamai. Daga nesa almajirai suke zuwa Zazzau neman ilimi, musamman nahawu da lugga. Birni ne kuma na maɗinka, da marina, da magina.

Saurayin da ya tashi a irin wannan wuri ya san hanyarsa tun yana ƙarami. Zai sauke karatu, ya gaji sana'ar ubansa, a yi masa aure, a ba shi ɗaki a gidan gado, ya haifi 'ya'ya, in Allah ya yi masa tsawon rai ya zama mai gida. Kada mu rena wannan rayuwa. Akwai mutunci a cikinta, akwai zumunci, akwai kunya da girmama na gaba. Wanda ya bar ta ya bar abu mai daraja. Sai mun gane haka za mu gane nauyin abin da ya biyo baya.

Zuwan likita

A shekara ta 1900 wasu Turawa biyar na mishan ɗin CMS suka taso daga Legas a ƙarƙashin Bishop Herbert Tugwell, nufinsu su kai Kano. A cikinsu akwai wani saurayi likita, Walter Miller, wanda aka haifa a Ingila a 1872. Kafin tafiyar ya zauna a Tarabulus yana koyon Hausa a bakin Hausawan da ke zaune can. Sun ratsa ta Zariya, Sarki Kwasau ya karɓe su da mutunci. Da suka isa Kano, Sarki Alu bai yarda su zauna ba, cikin 'yan kwanaki aka sallame su. Suka komo kudu suka sauka a Girku. A can ɗaya daga cikinsu, Dudley Ryder, ya rasu, wani kuma ciwo ya mai da shi gida. A idon mutum, tafiya ta lalace.

Miller bai haƙura ba. A 1905, zamanin Sarki Aliyu Ɗan Sidi, ya sami izinin zama a cikin birnin Zariya, a unguwar Durumin Maigarke. Wannan abu ne da ba a saba gani ba, gama gwamnatin Turawa ta yi wa sarakunan Arewa alkawari ba za ta taɓa addininsu ba, saboda haka ba ta son 'yan mishan su zauna a biranen Musulmi. Miller ya buɗe ɗakin magani, ya tara yara yana koya musu karatun boko da lissafi, ya kuma duƙufa ga juya Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa tare da malaman da suka san harshen fiye da shi.

Ba za mu mai da Miller mala'ika ba. Mutum ne mai zafin zuciya da kaifin harshe. Ya yi ta saɓani da jami'an gwamnati, da abokan aikinsa, da fada. Tsakaninsa da Sarki Aliyu, wanda shi ma masani ne kuma gwanin waƙa, abu ya yi tsami ƙwarai, masu tarihi kuwa suna lissafta ƙarar da Miller ya riƙa kai wa cikin abubuwan da suka sa aka tuɓe sarkin wajen 1920 aka kai shi Lakwaja. Wannan ya bar tabo a zukatan Zazzagawa da yawa. Allah yakan zuba ruwa mai kyau a tulu mai tsaga. Mu sha ruwan, amma kada mu ce tulun ba shi da tsaga.

Masu ba da gaskiya a cikin birni ba su taɓa yin yawa ba. Shekaru suka yi ta wucewa, ana ƙirga su da yatsu. Dalilin a fili yake. Saurayin da ya karɓi baftisma a cikin ganuwa yana iya rasa gadonsa. Yarinyar da aka yi masa baiko da ita a ba wani. Abokan da suke cin tuwo a akushi ɗaya su janye hannu. Mafi ciwo duka, ya ga hawayen mahaifiyarsa, wadda ba ƙiyayya ce ta sa ta kuka ba, tsoro ne take ji wa ɗanta. Duk wanda ya ce waɗannan samari sun bi bishara don neman jin daɗi bai san birnin Zariya na wancan zamani ba.

Isawa da garin Gimi

Wajen shekara ta 1913 wasu baƙi suka zo wurin Miller da labari mai ban mamaki. Su Isawa ne. Asalinsu yana komawa ga wani malami na Kano, Malam Ibrahim, wanda cikin nazarinsa ya tsaya ƙwarai a kan abin da Alƙur'ani ya faɗa game da Annabi Isa, har ya tara almajirai a kan wannan koyarwa. A zamanin Sarkin Kano Abdullahi aka kashe shi a kasuwar Kano, wajen shekarun 1860. Almajiransa suka watse, da yawa suka nufi ƙasar Ningi. Ba su da Linjila a hannu, ba su da majami'a, ba su taɓa ganin ɗan mishan ba. Abin da suka riƙe shi ne sa rai cewa wata rana za su sami cikakken labarin Isa. Suka haifi 'ya'ya, suka bar musu wannan sa rai kamar yadda ake barin gona.

Ku duba wannan da kyau, ku matasa. Kusan shekara hamsin mutane suna jiran amsa. Da jikokin suka ji akwai wani likita a Zariya mai karanta labarin Isa da Hausa, suka taka suka zo. Wasunsu suka ba da gaskiya, suka kawo 'ya'yansu makaranta a Durumin Maigarke. Aka nema musu wurin zama a Gimi, a ƙasar Zazzau, suka kafa ƙauye na masu bi, da wani fasto baƙar fata daga tsibiran Karibiyan, Rabaran W. A. Thompson, yana kiwonsu. Suka sare daji, suka yi gonaki, suka gina ɗakin sujada da makaranta. Mutanen da suka daɗe a warwatse suka wayi gari suna yabon Allah wuri ɗaya. In akwai ranar da za a ce farin ciki ya cika, to, wannan ce.

Sai ciwon barci ya shigo. Ƙudan tsando da ke bakin rafi shi ke ɗauke da cutar, a lokacin kuwa maganinta bai wadata ba. Mutum ya fara da zazzaɓi da kumburin wuya, daga nan kasala, daga nan barcin da ba a tashi. Cikin 'yan shekaru yawancin mutanen Gimi suka mutu. Wajen 1921 aka bar garin, waɗanda suka ragu, galibi yara da matasa, aka komo da su Zariya.

Nan ne wurin da ya kamata mu dakata. Yaron da ya binne ubansa da uwarsa a Gimi yana da dalilin tambaya: wannan ne ladan jiran da kakanninmu suka yi? Maƙwabta kuma ba za su rasa abin faɗa ba, za su ce ga sakamakon barin hanyar iyaye. Babu wani wa'azi mai daɗin baki da zai rufe waɗannan kaburbura. Amma tarihi ya nuna mana abu ɗaya: ikkilisiyar Hausawa ta ƙasar Zazzau ba ta mutu a Gimi ba. Daga cikin ragowar nan aka sami masu bishara, da malaman makaranta, da ma'aikatan asibiti, da iyayen gidaje waɗanda zuriyarsu suke sujada da Hausa har yau. Abin da suka samu a wurin Almasihu ya fi ƙarfin abin da ƙudan tsando ya ƙwace musu. Annabi Habakuk, a ƙarshen littafinsa, ya lissafta gona da garke da itatuwa duk sun ƙi, sa'an nan ya ce shi dai murnarsa tana wurin Allah. Mutanen Gimi sun karanta wannan sura da jikinsu.

Fita daga birni

Gwaji na biyu ya zo da wata kama. Gwamnati da fada sun daɗe suna so mishan ya fita daga cikin ganuwa, gidan Durumin Maigarke kuma ya yi wa makaranta da masu jinya kaɗan. A 1929, zamanin Sarki Ibrahim, aka ƙaura zuwa Wusasa, wani fili kusa da dutsen Kufena, tafiya kaɗan daga birni. Rabaran Guy Bullen yana cikin waɗanda suka ɗauki nauyin wannan ƙaura. Ga wanda aka binne cibiyarsa a cikin birni, fita bayan ganuwa ba ƙaramin abu ba ne. Kamar an ce masa, daga yau kai baƙo ne.

To, me suka yi a Wusasa? Suka gina majami'ar St. Bartholomew da tubalin ƙasa, da bakan gizo da zane irin na maginan Zazzau, har wanda ya shiga zai ga hannun Bahaushe a kowane lungu. Suka kafa asibitin St. Luke, inda Musulmi da Kirista suke kwanciya gado kusa da gado. Suka ci gaba da makaranta. A 1932 kuma cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito, aikin da Miller ya ba yawancin ƙarfinsa, tare da taimakon 'yan mishan na wasu ƙungiyoyi da malamai Hausawa. Wannan juyi shi ne ya shiga hannun masu bi daga Sakkwato har Adamawa, daga Jos har Maradi, kusan shekara hamsin kafin sabon juyi ya fito. Miller ya rasu a ƙasar Jos a 1952.

An fitar da su daga ganuwa, amma ba su fitar da kansu daga Hausa ba. Ba su canja harshe ba, ba su daina durƙusa wa manya ba, ba su daina zuwa gaisuwar mutuwa da barkar haihuwa a cikin birni ba. Wannan ma darasi ne.

Abin da yaran suka zama

Barau Dikko, wanda aka haifa a 1912, ya tashi a hannun Miller. Ya yi karatu a King's College ta Legas, ya wuce Jami'ar Birmingham a Ingila, ya komo shi ne ɗan Arewa na farko da ya zama cikakken likita. Da 'yan boko na Arewa suka haɗa kai suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa, shi suka zaɓa shugabansu a 1949, alhali kusan dukansu Musulmi ne. Mutanen da suka san addininsa sarai suka ba shi amana, domin sun ga halinsa. Daga 1967 ya yi kwamishinan tarayya, ya rasu a 1977.

John Tafida na Wusasa, tare da Dokta Rupert East, ya rubuta Jiki Magayi, ɗaya daga cikin littattafan ƙagaggun labarai na farko da aka buga da Hausar boko a tsakiyar shekarun 1930. Labari ne na saurayin da mai kuɗi ya ƙwace masa budurwa, ya ƙare ƙuruciyarsa yana neman ramuwa. Ya sami ramuwar, ya lalata gidan abokin gabansa, shi kuma bai tsira da komai ba. Yara da yawa sun karanta littafin nan a makaranta. Abin lura ne cewa daga cikin jama'ar da ta sha wuya irin wannan aka sami mai gargaɗi a kan riƙo.

Ishaya Audu, wanda aka haifa a Anchau a 1927, ɗan Malam Bulus Audu ne, daga zuriyar Isawa. Ya fara karatu a Wusasa, ya zama likitan yara, a 1966 kuma, yana da shekara 39, ya zama ɗan Nijeriya na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello, har zuwa 1975. Ya yi ministan harkokin waje daga 1979 zuwa 1983. Da sojoji suka karɓi mulki, yana cikin waɗanda aka tsare. Bayan an sake shi ya komo Samaru yana duba marasa lafiya, yana kuma aikin fasto, har ya rasu a 2005. Ya san kujera, ya san ɗakin tsaro, ya san benci na masu jiran likita. Jikan mutanen da suka gudu daga Kano ke nan.

Yakubu Gowon kuma, wanda aka haifa a 1934, ɗan mai bishara ne daga ƙasar Angas da ya kawo iyalinsa Wusasa. A makarantar St. Bartholomew ya fara, ya yi shugabancin ƙasa daga 1966 zuwa 1975. Zamaninsa zamanin yaƙin basasa ne, da baƙin cikinsa mai yawa, masu tarihi kuma suna ta muhawara a kansa. Amma da yaƙi ya ƙare a 1970, ya zaɓi sulhu a maimakon farautar waɗanda aka ci.

Mun ambaci waɗannan domin sunayensu sanannu ne. Kada wani ya ɗauka cewa muƙami shi ne ladan bangaskiya. A kan kowane ɗaya da ya yi suna, akwai da yawa da suka ƙare kwanakinsu suna wanke miki a St. Luke, ko suna koyar da a-ba-ca-da a ƙauye, ko suna noman dawa. Akwai kuma na Gimi, da ba su kai ga furfura ba. A gaban Allah ba a fifita minista a kan waɗannan.

Abin da za mu ɗauka

Na farko, jin daɗi dabam, farin ciki dabam. Jin daɗi yana zuwa da damina, ya tafi da rani. A cikin misalin da muka karanta a Matiyu, mutumin da ya tarar da dukiya a ɓoye ya rabu da duk abin da ya mallaka, kuma da murna ya rabu da shi, domin ya san abin da ya gani. Samarin Durumin Maigarke sun yi asara ta gaske. Abin da ya riƙe su shi ne sanin cewa an gafarta musu, an karɓe su, suna da Uba wanda ba ya korar ɗa.

Na biyu, wadar zuci koyonta ake yi. Manzo Bulus yana ɗaure sa'ad da ya rubuta wa Filibiyawa, ya kuma gaya musu cewa koyo ya yi har ya iya zama da ƙoshi da yunwa. Ba a haifi kowa da wannan ba. Kai da kake jiran aiki shekara uku, ke da kike jiran miji, kuna cikin aji ne. Isawa sun jira shekara hamsin. Kada gajen haƙuri ya kai ku ga kuɗin haram, ko gidan boka, ko auren da za ku yi kuka da shi.

Na uku, riƙo yana cinye farin ciki kamar yadda gara take cin azara. A watan Maris na 1987 rikicin da ya tashi a Kafanchan ya iso Zariya, aka ƙone majami'u da yawa. Waɗanda suka ga wannan da idonsu ba su manta ba, ba kuwa muna cewa a ƙi faɗin gaskiya ko a ƙi neman adalci ba. Amma matashin da ya bar zuciyarsa ta zama rumbun ƙiyayya ya ba wa wanda ya cuce shi abin da wuta ba ta iya ci ba. Musulmin da ke cikin birni maƙwabcinmu ne, sau da yawa ma ɗan'uwanmu ne na jini. Iyayenmu na Wusasa sun amsa kora da asibiti.

Na huɗu, farin ciki yakan sami mutum yana bakin aiki. Ba mu ga waɗannan mutane sun zauna suna auna zuciyarsu kowace safiya ko ta yi fari ko ba ta yi ba. Sun koyi sana'a, sun riƙe amana, sun yi wa jama'a hidima ba tare da tambayar addinin mai ciwo ba. Annabi Irmiya ya shawarci waɗanda aka kai bauta su nemi alherin garin da suke zaune, gama lafiyarsu tana ɗaure da lafiyarsa. Wanda ya sa kansa a tsakiyar duniya kullum a ƙuntace yake.

Ganuwar Zariya ta zaizaye a wurare da yawa, an yi gidaje inda dā take tsaye. Sarakunan wancan zamani sun wuce, Turawan mulki sun wuce, Likita Miller ya wuce. Bisharar da 'yan yara ƙalilan suka ji a wani zaure a Durumin Maigarke tana nan ana karanta ta da Hausa kowace Lahadi. Ɗan'uwa matashi, kafin ka ce Allah ya manta da kai, ka tuna da yaran Gimi. Ka kawo tambayarka wurin Almasihu yadda take, da zafinta. Shi da ya riƙe su yana da ikon riƙe ka.

Mu yi addu'a.

Ya Ubanmu na sama, mun gode maka saboda waɗanda suka riga mu bin wannan hanya a ƙasar Zazzau, waɗanda muka san sunayensu da waɗanda kai kaɗai ka sani. Ka dubi matasanmu, masu neman aiki, masu neman abokin zama, da masu nauyin zuciya. Ka koya musu wadar zuci, ka tsare su daga riƙo, ka ba su aikin da zai amfani jama'a. Ka ba birnin Zariya da ƙasarmu duka zaman lafiya. Muna roƙo cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu. Amin.